Yadda ɗan wasa zai nemi gurbin karatu a jami'ar Amurka ba tare da wani koci ya neme shi ba

A jami'o'in Amurka, ɗan wasan da koci ya ƙyalla ido a kansa yana da ƙofarsa daban. Kocin zai kai sunansa ofishin ɗaukar ɗalibai, ya ce ina son wannan yaron, a duba takardunsa tun kafin na sauran jama'a, wani lokacin har a haɗa masa da kuɗin makaranta. Masu samun wannan gatan 'yan kaɗan ne. Ita kanta NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ta ce kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin karatu saboda wasa. To ina ga yaron da ke atisaye a Kano ko Zinder ko Kumasi, inda babu kocin jami'ar Amurka da ya taɓa tsayawa a bakin fili?

Wannan bayanin na wanda ba a kira ba ne, namiji ko mace. In babu koci a bayanka, ofishin ɗaukar ɗalibai zai dube ka a matsayin ɗalibi kamar kowa. Da littafi za ka shiga, kuɗin ma daga ɓangaren karatu za ka nemo su, sai ka isa makarantar sannan ka ƙwanƙwasa ƙofar ƙungiya daga ciki. An yi haka an ci nasara. Ezekiel Ansah, ɗan Accra, ya tafi jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah a 2008 da tallafin karatu, ba na wasa ba. Sau biyu ya gwada shiga ƙungiyar ƙwallon kwando, sau biyu ana sallamarsa. Ya koma cikin 'yan tsere, daga nan a 2010 ya shiga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wasan da bai taɓa bugawa ba. A 2013 ƙungiyar Detroit Lions, ta babbar gasar ƙwallon Amurka, ta ɗauke shi a matsayin mutum na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙasar baki ɗaya. Ba kowa zai zama Ansah ba, amma jerin matakan da ya bi shi ne jerin da ke gabanka.

Kafin komai, duba ko ƙofar biza a buɗe take

Wannan ya zo farko ne domin kada ka zuba kuɗi da shekara guda a kan abin da doka ta tare. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shigar 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Chadi da Sudan. A Disamban wannan shekarar ta faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga, aka kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan dokokin suna sauyawa, saboda haka ka shiga shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka ka karanta halin da ake ciki a ranar da kake shirin farawa. Cibiyoyin EducationUSA, da ke Abuja da Legas da Accra da Kumasi, suna ba da shawara a kan neman karatu, kuma su ne suka fi dacewa ka tambaya, ba wani ejan na bakin titi ba. 'Ya'yan Hausawa da ke zaune a Amurka da takardun zama, wannan matakin bai shafe su ba, sauran kuwa duk nasu ne. Wanda ƙofar ta rufe masa yana iya kai yawancin wannan shirin jami'o'in Kanada, waɗanda su ma suna da gasar wasanninsu.

Auna kanka da ma'aunin da ba ya son kai

Abokai da kocin unguwa za su ce maka kai gwani ne, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Tambayar ita ce gwani a wane mataki.

Wasannin jami'a a Amurka hawa-hawa ne. NCAA tana da rukuni uku. Rukuni na 1 yana da makarantu sama da 350, shi ne wanda ake nunawa a talabijin, shi ne kuma mafi wuyar shiga. Rukuni na 2 yana da kusan 300. Rukuni na 3 ya fi su yawa, sama da 400, kuma ba a ba da tallafi saboda wasa a cikinsa ko kaɗan. Bayan NCAA akwai NAIA, ta ƙananan jami'o'i kusan 250, sai NJCAA ta kwalejojin shekara biyu.

Ɗan tsere da mai tsalle da mai jifa su suka fi kowa sauƙin auna kai, domin lamba ba ta da ɗan'uwa. Akwai shafin TFRRS da ke tara sakamakon gasannin jami'o'i. Buɗe sunan makarantar da kake so, ka duba lokacin da 'yan wasanta suka yi a bara. Kada ka kalli na gaba, kalli na ƙarshe a ƙungiyar. In lokacinka ya kai nasa ko ya fi, kana da magana. In bai kai ba, sauka mataki guda ka sake dubawa. Amma lura da wani abu da ke yaudarar 'yan tserenmu: lokacin da aka ɗauka da agogon hannu ba ɗaya yake da na na'urar lantarki ba. A tseren mita 100 da 200, al'adar ita ce a ƙara daƙiƙa 0.24 a kan lokacin hannu. Wanda aka ce ya yi 10.6 a gasar makarantu, a idon kocin Amurka 10.84 ya yi. Haka kuma in iskar da ke tura ka ta wuce mita 2 a daƙiƙa, ba a lissafa lokacin. Ka yi duk yadda za ka yi ka shiga gasa ko da ɗaya ce da ake amfani da na'ura, wadda kuma ake wallafa sakamakonta a intanet.

Ɗan ƙwallon ƙafa ko kwando ba shi da lamba irin wannan. Abin da zai yi shi ne ya kalli cikakken wasan makarantar, da yawa suna kan YouTube ko shafin makarantar, ya tambayi kansa tsakani da Allah ko zai iya minti 90 a wannan saurin. Sannan ya buɗe jerin 'yan wasan ƙungiyar. A nan za ka ga tsayin kowa, garin da ya fito, ajin da yake, da ƙungiyar da ya baro. Ƙirga mutum nawa ke buga gurbinka, nawa ne a cikinsu 'yan ajin ƙarshe da za su fita. In mai tsaron gida ne kai, ƙungiyar kuma tana da huɗu duk 'yan aji ɗaya da biyu, to babu wurinka a nan ko da ka fi su.

Wani sabon abu ya ƙara matse Rukuni na 1. A watan Yunin 2025 wata kotu ta amince da sulhun da aka yi a shari'ar da 'yan wasa suka kai NCAA, aka sa iyaka a kan yawan 'yan kowace ƙungiya a makarantun da suka shiga tsarin: 28 a ƙwallon ƙafa, 15 a ƙwallon kwando, 45 a tsere da tsalle-tsalle, 105 a ƙwallon Amurka. A da koci yana iya tara 'yan sa-kai, waɗanda suke kira wok-on, su yi ta atisaye ba tare da tallafi ba. Yanzu kowane gurbi a ƙirge yake. A ganina wanda ba a nema ba ya fi kyau ya zuba yawancin ƙarfinsa a Rukuni na 3 da NAIA da kwalejojin shekara biyu, ya bar manyan sunaye su zama gwaji ɗaya ko biyu.

Zaɓi makarantun da za ka iya zama ko ba ka taɓa sa riga ba

Ka tsara jerin makarantu 10 zuwa 15, kuma ga gwajin da kowace za ta ci kafin ta shiga: in na karye a makon farko, ko koci ya ce babu gurbi, zan yarda in yi shekara huɗu a nan? Akwai fannin da nake so in karanta? Zan iya biyan kuɗin?

Batun kuɗi shi ke kayar da mafi yawan masu nema, ba batun wasa ba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu, in aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, sun haura dala 80,000 a shekara. Ɗalibin ƙasar waje ba ya samun tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, saboda haka abin da ya rage shi ne kuɗin ita makarantar kanta. Iri biyu ne: wanda ake bayarwa saboda ƙoƙarin karatu, da wanda ake bayarwa saboda iyaye ba su da hali.

Ga dabarar gano makarantar da ke bayarwa da gaske. Yawancin jami'o'i suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set kowace shekara. Rubuta sunan makarantar tare da wannan sunan a Google. Sashen H6 zai nuna maka ɗaliban ƙasashen waje nawa aka tallafa wa da matsakaicin abin da kowa ya samu. In ka ga mutum uku ne kawai, kowa dala 5,000, ka san ba wurinka ba ne, komai kyan filin wasansu. Sashen C7 kuma yana nuna abin da suke ba nauyi wajen ɗauka.

Akwai 'yan tsirarun makarantu da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma suna cike duk abin da ya kasa biya: Harvard, Yale, Princeton, Dartmouth, MIT, Amherst, Bowdoin na daga ciki. Uku na ƙarshe suna Rukuni na 3. Sauran huɗun suna cikin jami'o'i takwas na Ivy League, waɗanda suke Rukuni na 1 amma ba sa ba da tallafin wasa. Shigarsu wuya ce ƙwarai, sa ɗaya ko biyu a jerinka in sakamakonka ya yi fice, kada ka gina dukan shirin a kansu. Akwai kuma Berea College a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta, kowa kuma yana yin aiki a cikin makaranta.

Wani abin da ba a cika gaya wa mutane ba: tunda Rukuni na 3 ba ya biyan kowa don wasa, tallafin da ka samu ba ya rataye a wuyan koci. In ka daina wasa a shekara ta biyu, kuɗinka na nan.

Rajistar cancanta, da tarkon jinkiri

Samun gurbin karatu daban, samun izinin buga wasa daban. Wanda zai buga a Rukuni na 1 ko na 2, ko da ɗan sa-kai ne, sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA a intanet. Kuɗin ɗalibin waje ya haura dala 150. Suna neman darussa 16 na asali, wato Turanci da lissafi da kimiyya da makamantansu, da matsakaicin maki 2.3 a Rukuni na 1 ko 2.2 a Rukuni na 2 bisa ma'aunin 4. Suna son takardun makaranta tun daga shekara ta tara, wadda a Najeriya ta yi daidai da aji uku na ƙaramar sakandare, har zuwa sakamakon WAEC ko NECO. Wanda takardunsa da Faransanci ko Larabci suke sai ya haɗa da fassarar Turanci layi bayan layi. Tun 2023 NCAA ta daina neman SAT, jarrabawar neman shiga jami'a ta Amurka, don wannan tantancewar. Ɗalibin waje mai nufin Rukuni na 3 shi ma yana yin rajista, amma don a tabbatar kawai cewa shi ba ɗan wasan da ya mayar da wasa sana'a ba ne. NAIA tana da tata cibiyar, PlayNAIA.

A nan yaranmu suka fi faɗawa rami, ta hanya biyu. Ta farko jinkiri. A yawancin wasanni ana ba ka shekara ɗaya bayan lokacin da ya kamata ka gama sakandare, a wasan tanis na Rukuni na 1 ma wata shida ne. In ka wuce wannan wa'adin kana ci gaba da buga gasa mai tsari, wadda ke da alƙalin wasa da jadawali da rajista, za a riƙa cire maka kakar wasa daga cikin huɗun da kake da su, ana iya kuma sa ka zauna shekara guda ba ka buga ba. Yaron da ya gama sakandare ya yi shekara uku yana jiran JAMB yana buga lig, zai iya isa Amurka ya tarar saura masa kaka ɗaya ko biyu. Ta biyu ita ce takarda. In ka taɓa sa hannu a kwantiragi da kulob, ko ka karɓi albashin da ya wuce kuɗin mota da abinci da masauki, ko ka ba wani ejan izinin wakiltarka, duk za a tambaye ka. Faɗi gaskiya, ka ajiye kwafin duk abin da ka taɓa sa wa hannu. Ƙaryar da aka gano daga baya ta fi laifin kansa tsada. Haka batun shekarun haihuwa: ranar da ke fasfo ita za ta kasance a takardar makaranta da ta hukumar wasa, ba bambanci.

Dokokin nan ana yawan gyara su. Kowace jami'a tana da jami'in kula da bin doka a sashen wasanninta, sunansa da imel ɗinsa suna shafin sashen. Tura masa tarihinka a taƙaice ka tambaye shi matsayinka. Aikinsa ke nan, kuma sau da yawa ya fi koci saurin amsawa.

Rubuta wa kocin duk da haka

Rashin kiran koci ba ya nufin ya gan ka ya ƙi ka. Galibi bai san kana duniya ba. Kocin ƙaramar kwaleji ba shi da kuɗin yawon neman 'yan wasa, wasu ma shi da mataimaki ɗaya ne ke riƙe da komai.

Fara da cike fom ɗin masu sha'awar shiga ƙungiya da ke shafin wasannin makarantar. Sannan ka tura imel ga babban koci, ka sa mataimakinsa a ciki, domin sau da yawa mataimakin ne ke karanta irin waɗannan saƙonnin. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, amma a nan layi ɗaya ya isa. A kan saƙon rubuta sunanka, gurbinka ko lokacinka, ƙasarka, da shekarar da za ka shiga. A ciki faɗi tsayinka da nauyinka, ƙungiyar da kake bugawa, sakamakonka na makaranta, abin da za ka karanta, da dalili ɗaya na gaskiya da ya sa ka zaɓi makarantarsa. Sai jumlar da ta fi kowace muhimmanci: cewa kana neman gurbin karatu da kanka, ba tallafin wasa kake roƙo ba, kana tambaya ne ko yana karɓar 'yan sa-kai, yaushe ake gwaji, kuma wane mataki yake so ka kai. Wannan jumlar tana sauke masa nauyi, domin mafi yawan saƙonnin da ke zuwa masa daga waje kuɗi suke nema.

Haɗa da bidiyo na minti uku zuwa biyar. Waya ta isa, amma a ɗauka daga wuri mai tudu, a kwance, kada mai ɗauka ya yi ta rawa da hannu. Sa alama a kanka kafin kowane yanki, ka sa mafi kyau a farko, ka cire kiɗa. Ajiye cikakken wasa guda a gefe, domin kocin da ya fara sha'awa shi zai nema, yana so ya ga abin da kake yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarka.

In mako biyu ko uku sun wuce shiru, sake turawa sau ɗaya, zai fi kyau in kana da sabon sakamako. Bayan haka ka bar shi sai ka samu gurbi. In ya amsa, karanta amsar da idon basira. "Ka zo mu gani idan an ɗauke ka" gayyatar gwaji ce kawai. "Zan ajiye maka wuri a ƙungiya" ta fi ƙarfi, kuma kana da damar tambayarsa kai tsaye ko zai yi maka magana a ofishin ɗaukar ɗalibai. In ya ce a'a, ka gode masa, ka san inda ka tsaya.

Kamfanonin da ke karɓar kuɗi su ce za su haɗa ka da koci, babu abin da suke yi da ba za ka iya da wayarka ba. Wanda kuwa ya ce ka biya shi ya tabbatar maka da tallafi, ɗan damfara ne.

Cike takardar neman gurbi

Sama da makarantu 1,000 suna karɓar Common App, takardar neman gurbi ta intanet, wadda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta kowace shekara, kuma tana ba ka damar neman makarantu har 20 da fom ɗaya. Kuɗin nema yakan kama daga dala 50 zuwa 90 a kowace makaranta, wasu kyauta ne, kuma ana yafewa wanda ba shi da hali in malamin da ke wakiltar makarantarsa ya tabbatar. Yawancin sakandarenmu ba su da jami'in ba da shawara irin nasu, saboda haka tun da wuri ka samu shugaban makaranta ko mataimakinsa ya karɓi wannan aikin, ka zauna da shi ka nuna masa yadda ake loda takardu. Za ka buƙaci wasiƙar shaida daga malamai biyu na darussan aji. Wasiƙar kocinka ƙari ce, ba ta maye gurbin tasu.

A sashen ayyuka ana ba ka gurabe goma, kowane da haruffa 150 kacal na bayani. Mai karantawa bai san gasarku ba, don haka ka ba shi ma'auni: ƙungiyoyi nawa suka shiga, kun zo na nawa, awa nawa kake atisaye a mako, kai ne kyaftin ko a'a. Kuma kada ka cika goman da wasa. Tsaron shagon mahaifinka, koyar da yara a Islamiyya, noman damina, kula da ƙanne, duk ayyuka ne da suke ƙirgawa, kuma su ne ke bambanta ka da dubban 'yan wasan da takardunsu suka yi kama da juna.

Rubutun da ake so ka yi game da kanka a fom ɗin ba ya wuce kalmomi 650. Masu karantawa sun gaji da labarin ƙwallon da aka ci a minti na ƙarshe, da na raunin da aka warke aka dawo. In za ka yi maganar wasa, shiga ta gefen da kai kaɗai ka sani: yadda kuka tara kuɗin ƙwallo da raga, yadda ake atisaye da azumi a bakinka a zafin Afrilu, yadda ke mace kika shawo kan gida har aka bar ki ki yi gudu. Rubuta da kanka. Rubutun da aka saya ana gane shi.

Jarrabawar SAT, makarantu da yawa sun mayar da ita zaɓi, amma MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Harvard da wasu suka bi a 2024. Ga ɗalibin da makarantarsa ba a san ta ba, maki mai kyau hujja ce da ke taimakawa. Gwajin Turanci kuwa, wasu suna yafewa 'yan Najeriya da Gana, wasu ba sa yafewa. Ɗan Nijar ko Chadi ya sa a ransa zai rubuta TOEFL ko IELTS ko na Duolingo.

Wa'adi iri biyu ne. Na wuri yana faɗowa 1 ko 15 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu zuwa tsakiyarsa. Daga cikin na wurin akwai wanda ke ɗaure ka, in sun ɗauke ka dole ka je ka janye sauran. 'Yan wasan da koci ya nema su suka fi bin wannan, shi ya sa adadin waɗanda ake ɗauka a cikinsa yake kama da mai sauƙi alhali ba haka yake ga kowa ba. Mai buƙatar kwatanta tallafi kada ya ɗaure kansa sai ya tabbata. Fom ɗin neman tallafi, CSS Profile ko na makarantar kanta, ana tura shi tare da neman gurbin. A makarantu da dama, ɗalibin wajen da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai iya nema daga baya ba.

Amsoshi suna fitowa zuwa farkon Afrilu, kai kuma ka ba da taka kafin 1 ga Mayu. Daga nan makaranta za ta aiko da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, bayan ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko, ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da dala 185 na biza, ka je ganawa a ofishin jakadanci. Kada ka lissafa aikin yi a cikin kuɗin makaranta: bizar ɗalibi awa 20 a mako kawai ta yarda, a cikin harabar makaranta, kuma atisaye zai cinye yawancin lokacin.

Bayan an ɗauke ka

Ranar da ka karɓi gurbi, sake rubuta wa kocin. Yanzu maganarka ta yi nauyi, domin kai ɗalibinsu ne, ba ka ci masa ko sisi ba. Tambayi ranar gwaji, ka roƙi jadawalin motsa jikin da yake ba 'yan wasansa a hutu, ka bi shi. Ƙwallon ƙafa kakarta daga Agusta zuwa Nuwamba ce, ƙungiya tana taruwa tun kafin a fara darasi, saboda haka wanda ya iso ranar buɗe makaranta yana iya tarar an gama zaɓe, sai ya jira atisayen farkon shekara. Ƙwallon kwando gwajinta yakan zo a Satumba ko Oktoba. 'Yan tsere sun fi samun sarari, tunda gasar cikin ɗaki sai hunturu.

Ba za a bar ka ka taka fili ba sai da takardu: shaidar kana ɗaukar cikakken darasi, wato aƙalla kiredit 12 a ma'aunin nauyin darussa, binciken likita da bai wuce wata shida ba, inshora, da sakamakon gwajin sikila. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai, domin masu jinin AS suna da yawa a cikinmu. Kasancewa AS ba ya hana ka wasa. Ana so a sani ne domin atisaye mai tsanani cikin zafi ko ƙishirwa yana iya zama haɗari ga mai shi, sai masu kula da lafiyar ƙungiya su riƙa ba ka hutu su ƙara maka nauyi a hankali. Yi gwajin tun a gida, ka taho da takardar asibiti. Batun azumi da salla ma, gaya wa koci da mai kula da lafiya tun farko, kada su ji shi ranar wasa.

In an gwada ka ba a ɗauka ba, tambayi kocin abin da ya rage maka da ko za ka iya dawowa baɗi. Kafin nan, kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiyoyin kulob da ɗalibai ke gudanarwa, suna tafiya gasa da wasu makarantu, wasunsu da ƙarfinsu. Kana iya neman aikin kula da kayan ƙungiya domin ka kasance kusa. Scottie Pippen ta nan ya fara a jami'ar Central Arkansas, wadda a lokacin tana NAIA, kafin a ɗauke shi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1987. Kana iya kuma sauya wasa, kamar yadda Ansah ya yi. 'Yan mata dogaye masu ƙarfi su leƙa ƙungiyar tseren kwale-kwale, domin jami'o'i da yawa suna ɗaukar waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba su koya musu daga farko.

Wanda ya fara da kwalejin shekara biyu ko ƙaramin rukuni yana da damar komawa babbar makaranta in ya nuna kansa, tunda yanzu yana da sakamako da bidiyon da kocin Amurka ya yarda da su. Sai dai ya riƙe lissafi: a Rukuni na 1 wa'adin shekara biyar da ake ba ka ka buga kakanninka huɗu a ciki yana fara tafiya ne daga ranar da ka fara cikakken karatu a kowace babbar makaranta, har da jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ta gida. In ka taɓa yin rajista a ɗaya kafin ka tafi, sa wannan a saƙonka na farko ga jami'in bin doka, da ranar da ka fara da ranar da ka bari.